Yadda 'yan gurup ɗinmu suka cinye min jari da bakina

Ni dai ɗan Kwari ne, atamfa da shadda nake sayarwa, ƙanina ne ya hana ni sakat wai sai na je na yi MBA, wato digiri na biyu kan harkar kasuwanci, na ƙarshen mako tunda zamani ya canja. Ranar karɓar sababbin ɗalibai wani malami ya yi ta bayani wai suna son aji ya tara mutane iri-iri amma kuma kowa ya saje da tsarin makaranta. Ni kuwa da na ji an ce sajewa sai na tafi na sayo kwat har da ɗamarar wuya. A watan Afrilu fa, a Kano, zafi ya haura 40. Na shiga aji sharkaf da gumi na tarar kowa da kaftaninsa, har wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, hularsa zanna bukar ta sha kari. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce "Alhaji lafiya, ko biza za ka je nema?" Hausa tar a bakinsa, nan aka haife shi.

Aka haɗa mu gurup ɗaya, ni da Ibon nan da muke ce wa Oga, da wata Madam Bayarabiya ma'aikaciyar banki, da Hajiya daga sakatariya, sai wani mutumin Maraɗi mai fataucin riɗi da zoɓo a Dawanau wanda in lissafi ya cakuɗe masa sai ya koma yinsa da Faransanci. Sa lokacin haɗuwa kaɗai sai da ya kusa raba mu, Juma'a masallaci, Lahadi coci, Madam ba ta tashi aiki sai dare, Hajiya kuma ta ce maigida bai yarda da fitar dare ba, ƙarshe dai WhatsApp ne ya raba gardama.

Aikin da aka ba mu kan bayar da bashi ne a ƙananan kasuwanci. Nan fa bakina ya buɗe. Na ce mu a Kwari mutum zai zo daga Chadi ko Kamaru a ɗaure masa dila guda ya tafi, ba takarda ba sa hannu, sai ya sayar ya aiko, in ka ga an hana ka kaya to sunanka ne ya ɓaci a layi. Madam ta dafe ƙirji ta ce ina jingina, ina mai tsaya masa? Na ce Madam ai a 2023 da aka yi ƙarancin takardun kuɗi mutane na kwana a layin ATM ɗinku, wannan amanar ce ta riƙe kasuwa. Oga ya mara min baya, ya ce su ma yaro yakan yi shekaru yana yi wa ubangida hidima a sallame shi da jari, yawanci da baki ake ƙulla maganar. Aka ce ni zan gabatar, taken ma ni na raɗa: Amana Ita Ce Jari.

Sai Hajiya ta kawo shawarar mu yi anko ranar gabatarwa don a ga haɗin kanmu, kuma ai ga Alhaji da shago. Wallahi murna na yi. Suka zo Kwari, Oga ya murza shaddar da yatsa biyu ya faɗi kuɗin da na saro ta daidai, kamar da shi aka yi lodin. Madam ta ce sai an ba ta rasit kuma a cire mata kaso goma tunda sari ne. Mutumin Maraɗi ya biya da sefa a canjin da shi kaɗai ya san inda ya samo shi. Hajiya ta ɗauki turmi uku, ɗaya nata biyu na 'yan biki, ta ce sai albashi ya shigo.

Mun yi gabatarwa an tafa mana, malam har ya ce gurup ɗinmu ne misalin abin da yake faɗa. Albashi ya shigo ya fita, wani ya sake shigowa. Da na gaji na tura mata saƙo a hankali, ranki ya daɗe ko za a ɗan rubuta maganar atamfar nan don kar a manta. Ba ta ce komai ba, hoton shafin farko na gabatarwata ta turo min, Oga kuma ya bi shi da "Alhaji ai kai ka koyar da mu."