Dare Mahutar Bawa, Ban da Samarin Garinmu

Shekaranjiya da asuba na fito zan tafi masallaci, na bi ta rumfar mai cajin waya da ke bakin kasuwa. Samari ne jere a kan benci, kowa ya kifa kai a waya, ga gwangwanayen lemon ƙarin kuzari zube a ƙasa. Ba sammako suka yi ba, kwana suka yi a wurin, idanunsu jawur. Na yi sallama, mutum ɗaya ya amsa, shi ma bai ɗago ba. Cikinsu har da yaron da uwarsa ta zo gidana tana kuka a makon jiya, wai ya daina kula kowa, ya daina zuwa gona, wanka ma sai an yi da gaske, ita dai ta tsaya a kan sammu aka yi masa.

Kafin a tafi neman wanda ya yi sammun, a fara tambaya: yaushe rabon yaron nan da barcin dare?

Ƙannena, abin da ke damun yaron nan ya yi kama da ciwon damuwa. Ciwon damuwa kuwa ciwo ne na gaske, ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 280 ke fama da shi. Mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, abin da yake so da can ya fita daga ransa, ba ƙarfin jiki, yana ganin kansa ba shi da amfani. Talauci na jawo shi, rashin aiki da rashin masoyi na jawo shi, wani ma a dangi yake. Waɗannan ba a hannunku suke ba. Amma raba dare fa? Wannan da hannunku kuke yi, kuma da kuɗinku. Likitoci sun daɗe da sanin cewa rashin barci na buɗe wa ciwon ƙofa, in ya shigo kuma ya ƙara hana barcin. Baligi na bukatar awa 7 zuwa 9. Idan duhu ya yi jiki kan saki sinadarin da ke kawo barci, hasken waya a ido na jinkirta shi. Lemon nan da kuke kwankwaɗa da ƙarfe goma sha ɗaya, bayan kusan awa 5 rabin sinadarin hana barcin da ke cikinsa na nan yana yawo a jini. Sannan ka ce wai barci ne ya ƙi zuwa. Ina zai zo, ka tsaya masa da sanda a bakin ƙofa?

Barci ba a cin bashinsa. Allah da kansa ya ce ya sanya dare sutura, ya sanya rana lokacin neman abinci, ku kun juya abin. Data ta dare ta fi araha, na ji. Lafiyar taku ce ba ta da arahar.

Wanda ya kwanta bayan asuba ba zai ga koko da ƙosai ba, ba zai ga ɗumame ba. Ya tashi azahar baki ba daɗi, ya wuni ciki wayam, sai dare ya je teburin mai shayi a dafa masa taliyar leda. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙwaƙwalwa ma ci take yi, kuma ƙarancin jini da ƙarancin wasu sinadaran abinci na kawo kasala da mutuwar jiki da ke ƙara wa mai damuwa nauyi. Abin takaicin, abincin da ake bukata a gidajenmu yake: wake, gyaɗa, kwaɗon zogale da rama, fura da nono, ƙwai, kifin Haɗeja, tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa. Mu ne masu noma riɗi, a loda shi a Maigatari a kai wa mutanen ƙasashen waje su ci, mu kuma mu karɓi kuɗin mu sayi ruwan sukari mai kala. Saurayi ya ga dambun zogale ya yatsine fuska wai abincin ƙauye. To kai ɗan ina ne? Ko a hadisi, talbina, kunun sha'ir ɗin nan, aka ambata tana kwantar da zuciyar mara lafiya tana rage baƙin ciki. Kunu dai, ba gwangwani ba.

Ba na ma son in shiga zancen masu cacar ƙwallo a waya, da masu ƙwaya. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma har yau ana tsintar kwalabe a bayan makarantar firamare. Duk da daddare ake wannan sha'anin.

An ce minti 150 na motsa jiki a mako na taimaka wa jiki da zuciya. Iyayenmu kafin hantsi sun cika wannan a bakin kunyar gona. Yau daga gida zuwa majalisa sai an hau babur, rana ba ta ganin mutum balle ya yi gumi, don lokacin da ya kamata yana gona yana kwance a shago ƙofa a rufe.

Ku gyara, ku koma cin abincin gida, ku kwanta da wuri. Wanda kuma abin ya riga ya kama, barci da zogale kaɗai ba za su ishe shi ba, a kai shi asibiti. Akwai na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. A yi addu'a, a sha magani. Wanda aka ji yana cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a yi masa dariya.

Muna yara, ana idar da lisha gari ke yin tsit. In farin wata ne a ɗan taɓa langa a dandali, a saurari tatsuniya, shi ke nan. Tsakar gida ɗaya ake zama, akushi ɗaya ake sa hannu, wanda ya rage loma kowa ya gani, kafin gari ya waye kaka ta tambaye shi abin da ke damunsa. Yau saurayi ya yi wata yana ramewa ba wanda ya lura, don ba a haɗuwa da shi a kan abinci. Da can kowane dattijo ya gan ka a waje da tsakar dare zai kora ka gida, ubanka ya je ya yi masa godiya. Yanzu ka ce wa ɗan wani ya tashi ya je ya kwanta, gobe uban ne zai yi maka sallama yana tambayar ko kai kake saya masa data.