Klingon na da ƙamus, waƙar dakan kakata ba ta da ko takarda

Abokiyar aikina a nan Jamus tana koyon wani harshe da babu uwar da ta taɓa rarrashin ɗanta da shi. Klingon ake ce masa. Wani masanin harsuna ɗan Amurka, Marc Okrand, ya tsara shi saboda fim ɗin Star Trek na 1984, ya fitar da ƙamusunsa a 1985. Ranar da ta fara karanto min jimla ɗaya, na ɗauka ƙayar kifi ce ta maƙale mata a maƙogwaro. Ga shi komai a juye yake: maimakon "yaro ya ci tuwo", sai tuwon ya zo farko, yaron ya zo ƙarshe. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Masu koyonsa kuwa da gaske suke. Suna taruwa a birnin Saarbrücken na Jamus duk shekara, manhajar koyon harsuna ta Duolingo ta buɗe musu darasi tun 2018, har wasan waƙa na dandamali aka yi da harshen a birnin Hague na ƙasar Holland a 2010. Tana cikin nuna min wannan ne ta tambaye ni irin waƙar da mata ke yi a wajenmu. Na buɗe baki zan rero mata waƙar dakan kakata a Garwa, arewacin Kamaru, sai baiti ɗaya kawai ya zo.

Abin ya tsaya min a rai. A gidanmu, taɓarya uku ke sauka a turmi ɗaya, ana lugude ana habaici ga kishiya da uwar miji, maganar da mace ba ta isa ta faɗa a zaune ba sai ta saka ta a waƙa. Da biki, a kifa ƙwarya cikin ruwa a yi amada, 'yan mata na buga shantu a cinya. Kaset ɗin Barmani Choge, Allah ya jiƙanta, daga Najeriya yake tsallakowa, kowace Hajiya ta haddace shi. Amma idan 'yarta ta ce waƙa za ta yi, sai a hau salati, wai wa zai auri zabiya. Namiji ya wasa Lamiɗo ya tashi da babbar riga, mace ta yi irin wannan aikin a ce ta zubar da mutuncin gida.

A Garwa, yaro da Fulatanci yake ciniki a kasuwa, da Faransanci yake karatu a makaranta. Hausarsa a tsakar gida take, a bakin mata. Injin niƙa ya kwashe daka ya tafi da rabin waƙoƙin, wannan ba laifin kowa ba ne. Sauran rabin mu muka kashe da gori.

Na kira goggota a WhatsApp na roƙe ta ta ƙarasa min waƙar. Ta ce, "Ke 'yar nan, bayan na je Makka?" Ta kashe wayar. Can bayan isha'i sai ga saƙon murya ya shigo, ƙasa-ƙasa don kada Alhaji ya ji, baiti huɗu da dariya a ƙarshe.