Wa Ya Ce Muku Kukan Yaron Nan Abin Dariya Ne?

Assalamu alaikum ƙannena, samarin Maradi, musamman ku 'yan fada. Yau da ku nake, kuma ba zan tsaya kwana-kwana ba. Ni ma na yi zaman fada, na sha shayi tun daga na farko mai ɗaci har na uku, na san daɗin hirar bayan la'asar. Don haka kada wani ya ce tsoho ne ya zo yana ƙyashin zamaninku. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai wani yaro a layinmu, bai wuce shekara goma ba. Duk mai bi ta ƙofar shagona ya san shi. Kullum rana ta yi sanyi sai ya fito da gwangwanin madara cike da murafen kwalba, ya tsuguna jikin katanga ya jera su, jajaye layinsu daban, koraye daban, wanda ya lanƙwashe a ware shi can gefe. In ya gama sai ya miƙe ya yi ta kaɗa hannuwa yana murna. Ba ya taɓa kowa, ba ya roƙon kowa. Shekaranjiya ina kan keke ina ɗinki, sai ga wani ɗan kabu-kabu ya turo babur har gab da shi, ya murza wuta, ya danne oda ya ƙi saki. Yaron ya toshe kunnuwa da tafin hannu. Wani kuma ya taso daga kan tabarma ya sa ƙafa ya watsa murafen. Nan take yaron ya ƙwalla ƙara, ya zube, ya shiga buga goshi da katanga har wurin ya fashe. Kafin in ture keke in fito, wayoyi sun riga sun tashi sama. Ana ɗauka ana ƙyaƙyata dariya, har wani na cewa a kauce an tare masa.

Da na yi faɗa, amsar da na samu ita ce: "Haba Kawu, wasa ne hwa. Ai shi bai ma san abin da ake ba."

Bai sani ba? Mutum jini na bin fuskarsa ka ce bai sani ba? Uwarsa ta fito ko takalmi babu, ba ta ce wa kowa uffan ba. Ta warware mayafinta ta naɗe shi tamau, ta matse shi a ƙirji har numfashinsa ya daidaita. Sannan ta tsuguna tana tsintar murafen nan ɗaya bayan ɗaya cikin rairayi, har wanda ya faɗa kwata ta sa hannu ta ciro, domin ta san zai ƙirga, kuma in ɗaya ya ɓata ba mai barci a gidan ranar. Kafin isha'i bidiyon ya hau sitatus, an ɗora masa kiɗa. Washegari wani mai kawo mini ɗinki daga Ɗan Isa ya miƙo mini waya yana cewa in ga wani mahaukacin yaro na garinmu.

Yaron nan ba mahaukaci ba ne. Abin da ke tare da shi likitoci na ce masa otizim, a rediyo kuma za ka ji ana cewa galahanga. Halitta ce ta ƙwaƙwalwa, da ita ake haihuwar mutum, da ita yake girma har ya tsufa, kuma gado yana da babban hannu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da ita. To ku ƙirga yaran Bagalam da Mokoyo da Zariya da Ali Ɗan Sofo ku gani ko abin na gida ɗaya ne. An fi gano ta ga yara maza, amma mata ma suna da ita, sai dai su an koya musu shiru da sunkuyar da kai tun suna ƙanana, shi ya sa tasu ke ɓoyuwa a ce kunya ce.

Da yawansu ji da gani da taɓawa ba sa zo musu yadda suke zo mana. Odar da kai ka ji ta wuce, shi kamar an caka masa allurar keke ne cikin kunne. Jeren murafen da ka ɗauka shirme, shi ne wuri ɗaya a duniyar nan da komai ke zaune inda ya ajiye shi. Kaɗa hannu da jijjiga jiki hanyarsa ce ta sauke abin da ya cika masa ƙirji, ko daɗi ko damuwa. In kuma abin ya fi ƙarfinsa ya fashe da ihu, ba taurin kai ba ne, ba kuma shagwaɓa ba, jiki ne ya kai maƙura. Wannan lokacin, lokacin da ya fi buƙatar a rufa masa asiri, shi kuka zaɓa ku ɗauka. Kuma ba ku jira ya zo da kansa ba, ku kuka tsokano shi da gangan don a samu abin ɗorawa. Wannan ne ya hana ni barci.

Ba shi kaɗai ba ne kuma. Na san wani saurayi da ke maimaita duk abin da aka faɗa masa, ka ce ina kwana ya ce ina kwana. Haka da yawansu ke kama magana, ta maimaitawa. Me samarinmu suka yi da wannan? Suka zaunar da shi suna koya masa ashar, yana maimaitawa suna ɗauka. Ya koma gida ya faɗa gaban ubansa, ya sha duka bai san laifinsa ba. Akwai wata yarinya da aka ja ta dole zuwa wurin biki, aka zaunar da ita gaban lasifika, da ta ruɗe ta fara ihu sai 'yan mata suka kewaye ta da wayoyi wai aljanunta sun tashi. Ranar kasuwa kuma, Litinin ko Juma'a, je ka tasha ka ga yadda ake tsayar da wani bawan Allah da ya haddace lambobin motoci, ana jefa masa dala biyar ya karanto, in ya gama a kwaikwayi tafiyarsa. Mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho, amma ku ko godiyar ba ku yi ba, izgili kuka yi. Ga Suratul Hujurat nan, kun karanta ta a allo, Allah ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili don mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi masu yi alheri. Ga Abasa, wadda ta sauka a kan makaho Abdullahi ɗan Ummi Maktum. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Ku kuwa kukan kuke nema da kuɗin megarku.

Kuɗin megan ma ina kuka samo? Rabinku uwa ce ke soya ƙosai ta ba ku. Ba na son in shiga zancen tiramol da cacar ƙwallo yau, don in na shiga ba zan fito ba, amma wanda ya haɗiyi ƙwaya tun safe ya hau babur, ba mamaki zuciyarsa ta bushe har ya ga jinin yaro ya yi dariya.

Abin da ba ku sani ba, mutanen nan da kuke ɗauka ba su da baki, suna da baki, suna kuma da jama'a. A 1992 wasu masu otizim, cikinsu har da wani Ba'amurke Jim Sinclair, suka kafa ƙungiya tasu ta kansu, ba ta likitoci ba, ba ta iyaye ba. A 1993 Sinclair ya tsaya gaban iyaye a wani taro a Toronto ya shaida musu cewa su daina yi musu zaman makoki alhali suna raye, kuma babu wani yaro daban da ke ɓoye cikin ɗansu wanda za a ciro in an yi magani, wannan da ke gabansu shi ne ɗan. Daga 1996 suka fara taron shekara-shekara da suka tsara daidai da jikinsu: ba hayaniya, ba tilasta wa kowa kallon ido, kowa na maƙala alama a riga, ja na nufin a ƙyale ni yanzu, rawaya sai wanda na sani, kore kuwa bismilla a zo mu yi hira. A tarukansu da yawa ba a tafi, hannuwa ake ɗagawa a kaɗa don kada ƙara ta cutar da wani. Ku ji fa: kaɗa hannun nan da kuka mayar abin dariya, a wurinsu shi ne jinjina. Suna da ranarsu ta alfahari da kai, 18 ga Yuni, tun 2005, ban da 2 ga Afrilu da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware aka fara a 2008. Wasunsu ba sa furta kalma ko ɗaya amma suna rubutu da kwamfuta, suna faɗin yadda abin yake daga ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Matsewar nan da uwar yaron ta yi masa da mayafi, ba a lakwal ta koya ba, amma wata mai otizim ta bayyana dalilinta. Temple Grandin, haifaffiyar 1947, ba ta fara magana ba sai da ta haura shekara 3. Tana budurwa ta je gonar wata gwaggonta a Arizona, ta lura shanu na natsuwa in aka sa su cikin wani keji mai matse jiki, sai ta ƙera wa kanta irinsa, ta riƙa shiga in hankalinta ya tashi. Ta zama farfesa a fannin dabbobi a jami'ar jihar Kolorado, kuma mahauta da yawa a Amurka da tsarinta suke bi da shanu. Mu da muke tinƙaho da jar akuyar Maradi ai mun san darajar mai fahimtar dabba. Amma kada ku ɗauka ina cewa a daraja su ne don wataƙila su zama farfesoshi. A'a. Wasu har abada sai an yi musu wanka an ba su abinci a baki, wasu ga farfaɗiya a kai, iyayensu na shan wahalar da ba za ka gane ba sai ka kwana gidan. Wannan ma mutum ne cikakke, kuma shi ya fi cancanta ku sauke waya in kun gan shi.

Iyayen ma an bar su da wanne? Wannan ya ce ɗan ruwa ne, wancan ya ce kishiya ce ta yi jifa, wani ya ce uwar ce ta yi wanka da magariba tana da ciki. A kwashe su daga gidan boka zuwa gidan mai ruƙiyyar kuɗi, a yi ta turara wa yaro hayaƙi ana tsula masa bulala wai aljani ake duka, a karɓe jika goma, jika ashirin. Yanzu kuma ga 'yan WhatsApp da cewa allurar rigakafi ce ke kawo shi. Wannan zancen wani likitan Ingila ne, Andrew Wakefield, ya ƙaddamar da shi a 1998, aka bincika aka gano aikin na algus ne, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, shi kuma aka soke lasisinsa. Mu da muka san abin da baƙon dauro ke yi wa yara a ƙauyukanmu, ba mu ne za mu yi wasa da rigakafi ba. Rashin sani ya fi dare duhu. To uwar da ta sha duk wannan, ta samu ɗanta ya ɗan sake yana fitowa ƙofar gida, ku kuma ku zo ku mayar da shi ɗaki a kulle. Domin ƙarshen bidiyonku ke nan: a daina barin yaro ya fito.

Kai kuma da ka ce ba kai ka ɗauka ba, turo maka aka yi, ka kalla, ka sa alamar dariya, ka tura gaba, abokin ɓarawo ɓarawo ne. Ba ka yi aure ba tukuna, ba ka san abin da Allah zai ba ka ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku ji tsoron Allah ku gyara. Malamai su faɗa a kan mumbari, su mushe su lura da irin yaran nan a aji, hukuma ma ta waiwayo, tunda Nijar ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin naƙasassu ta duniya tun 2008, kada abin ya tsaya a takarda.

Ɗaya daga cikin likitocin da suka fara bayyana lalurar nan, Leo Kanner, a 1943 ya yi rubutu kan yara 11 a Baltimo. Na farkonsu, Donald Triplett, ya rayu har shekara 89, sai 2023 ya rasu. Ya yi aikin banki, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, kuma abin da ake yawan faɗa a kansa shi ne mutanen ɗan ƙaramin garinsu sun riƙe shi nasu ne, ba mai taɓa shi su yi shiru. Da na ji labarin ban ga wani baƙon abu ba, don haka muka taso muka tarar a nan. Ban ce da can komai daidai ne ba, an ɗaure wasu da mari, an ɓoye wasu a ƙuryar ɗaki. Amma kowace unguwa tana da nata bawan Allah, kuma yana da wurinsa. Wani shi ke kora awaki bakin gulbi, wani shi ke shimfiɗa tabarmin masallaci, kuma ba mai karɓe masa aikin. Mai tuwo ta san kwanonsa. Malam na zaunar da shi kusa da buzunsa. In yaro ya kuskura ya jefe shi ko ya yi masa waƙa, dattijon da ke wucewa, ko bai san uban yaron ba, zai kama kunnensa har gida, uban kuma ya yi godiya ya ƙara masa da nasa. Ɗa na kowa ne a lokacin. Yau ka tsawata wa yaro, uwarsa ta yafo gyale ta zo ta tsaya maka a ƙofar shago. Mai unguwa an mayar da shi mai sa hannu a takardar fili. Dattawan da muke jira su tsawata kuwa, suna nan cikin guruf ɗin unguwa tare da jikokinsu, da furfurarsu da carbinsu, in an ce ga sabon bidiyo su ne na farkon rubuta a turo musu su gani.