Bishiyar Kirsimeti: Ta Gaske Ko Ta Roba, Wacce Ta Fi Dacewa Da Gidanka?

Da zarar Disamba ta kama, gidajen Kiristoci a Turai da Amurka kan koma kan wata tsohuwar gardama: a sayo bishiyar da aka saro daga gona, ko a ciro ta roba daga kwali? Masu son ta gaske na cewa ƙamshinta ba shi da na biyu. Masu ta roba kuma na ganin sare itace don adon mako uku ɓarna ce. A ganina, bishiyar roba tana cin kuɗinta ne kawai idan ta daɗe a gida, ta gaske kuwa tana zama ado ko haɗari gwargwadon ruwan da ake ba ta da inda ake kai ta bayan biki. Wanda ba zai iya cika sharaɗin ɗaya ba, sai ya ɗauki ɗayar.

Zancen cewa ana ƙarar da daji saboda Kirsimeti ba shi da ƙarfi. Mafi yawan bishiyoyin nan noma su ake yi, kamar kowane amfanin gona. Irin da ake kira Nordmann, wanda Turawa suka fi so saboda ganyensa ba ya saurin zuba, ƙasar Denmak ce kan gaba wajen fitar da shi, kuma yawancin irinsa daga dazukan yankin Racha na ƙasar Jojiya ake tsinko shi. Kafin ya kai tsawon mita 2 yakan shekara 8 zuwa 10 a gona. A Amurka jihohin Oregon da North Carolina ne manyan masu noman. Duk tsawon shekarun nan itacen na zuƙar hayaƙin kabon daga iska, kuma in an sare sai manomi ya dasa wani a gurbinsa, domin da shi yake ci.

Ta roba kuwa ganyenta ledar PVC ce da aka yayyanka aka murɗa a jikin waya, gangar jikinta ƙarfe. Mafi yawansu a China ake ƙera su, a loda a jirgin ruwa zuwa ko'ina a duniya. Da yake leda da ƙarfe sun cakuɗe, raba su don sake sarrafawa yana da wuya, saboda haka ƙarshenta bola. Cibiyar Carbon Trust ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa bishiyar roba mai mita 2 na jawo hayaƙi mai ɗumama duniya kusan kilo 40. Ta gaske mai wannan tsawo, idan an markaɗe ta aka yi taki ko aka ƙona, kilo 3.5 ne kacal. In an binne ta a bola sai ya tashi zuwa kilo 16, domin itacen da ya ruɓe a ƙarƙashin shara yana fitar da wata iska da ta fi kabon riƙe zafi. Lissafin cibiyar shi ne sai ta roba ta yi Kirsimeti akalla 10 kafin ta biya bashin hayaƙin da ta jawo. Wani bincike da kamfanin Ellipsos ya yi a Montreal ta Kanada a 2009 ma cewa ya yi sai shekara 20. Alkaluman sun bambanta, amma duk hanya ɗaya suka nuna: wanda ke sayen ta roba mai araha yana jefarwa bayan shekara biyu ya fi kowa asara, a aljihu da kuma a muhalli.

Ga wanda ke zaune inda ake noman bishiyar, ta gaske nake ba shi shawara, amma da sharaɗin zai yi mata hidima. Tun a wurin saye ake farawa. A kama reshe a ja shi a hankali ta cikin tafin hannu. In koren ganye ya biyo hannu, an daɗe da sare ta, a bar ta. In an iso gida, a yanke kamar santimita 2 daga gindin, yanka a miƙe, ba a karkace ba. Dalili kuwa, da zarar an sare itacen, danƙonsa ke fitowa ya toshe hanyoyin shan ruwa cikin 'yan sa'o'i, sabon yankan ne ke buɗe su. Daga nan sai cikin ruwa ba tare da ɓata lokaci ba. Mazubin da za a tsayar da ita ya ɗauki kamar lita 1 ga kowane santimita 2.5 na kaurin gindin, wato gindi mai santimita 10 na bukatar mazubi mai lita 4. A kwanakin farko takan sha ruwa sosai, don haka a duba safe da yamma. Idan ruwan ya sauka ƙasa da gindin ko sau ɗaya, danƙon zai sake toshewa, kuma gyaransa sai an kwance ado an sake yanka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fere ɓawon gindin don ya shiga ƙaramin mazubi. Ta sassan da ke dab da ɓawon itace ke jan ruwa, in an fere su an yanke mata maƙogwaro ke nan. Sukari ko ƙwayar magani da wasu ke jefawa a ruwan ba su ƙara komai, ruwan famfo ya wadatar. Sannan a nisanta ta da murhu da na'urar ɗumama ɗaki da kyandir, akalla mita 1. Hukumar NIST ta Amurka, mai kula da ma'auni da fasaha, ta yi gwajin da ke nuna yadda busasshiyar bishiya ke kamawa da wuta gaba ɗaya cikin daƙiƙoƙi, alhali wadda ake shayarwa da ƙyar take kamawa. Bayan biki kuma a kai ta wurin da ake markaɗe itace, wanda ƙananan hukumomi da yawa a Birtaniya da Jamus ke tanada a watan Janairu.

A Jos ko Kaduna ko Wusasa lissafin ya sha bamban. Ba a noman waɗannan bishiyoyi na ƙasashen sanyi a nan, kuma Kirsimeti na faɗowa ne a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke busar da komai. Reshen da aka saro aka jingina a falo ba tare da ruwa ba, cikin kwanaki kaɗan ya zama makamashi, ga shi an naɗe shi da wayar lantarki. Don haka ta roba ta fi ma'ana ga yawancin gidaje da majami'u, in dai za a saya sau ɗaya a riƙe. A kasuwa a nemi mai ƙafar ƙarfe, domin ƙafar roba ce ke fara tsagewa. A murza ganyen a ga ko yana zubewa. A lanƙwasa reshe a sake shi, wayar da ba ta tsayawa inda aka ajiye ta ba za ta ɗauki nauyin ado ba. Na fi son wadda ba ta zo da fitilu a ɗaure ba, saboda fitilun ne ke fara mutuwa, kuma sauya igiyar fitila daban ya fi sauƙi da a jefar da bishiya sukutum. Rubutun da ke jikin kwali cewa ba ta saurin kama wuta ba ya nufin ba ta ƙonewa. Leda ce, in ta kama tana narkewa tana fitar da hayaƙi mai guba.

Batun fitilu ya cancanci kulawa ta musamman a wurinmu. A sayi na LED, waɗanda ba sa zafi sosai kuma ba sa shan wuta. Waɗanda 'yan uwa ke aikowa daga Amurka yawanci na bolt 120 ne, namu kuwa ya kai 230, in an jona kai tsaye ƙonewa za su yi. A duba rubutun jikin filogi tukuna. In an ɗauke wuta a zare su daga soket, domin dawowarta da ƙarfi ko sauyawa zuwa janareta na lalata siraran wayoyin. Haka ma in za a kwanta ko a fita coci. Bayan biki a goge ƙurar hunturu da tsumma mai ɗan danshi, a bari ta bushe, a mayar da ita kwalinta. Kada a cusa ta a cikin silin ƙarƙashin kwano, zafin Afrilu na gasa ledar har ta riƙa karyewa.

Akwai hanya ta uku da nake ganin ta fi dacewa da mai fili a gida: bishiya mai rai a tukunya. Masu sayar da furanni a bakin titi a Jos da Abuja na da irin arokariya, wadda rassanta ke jeruwa hawa-hawa kamar an zana. A tabbata a cikin tukunyar ta girma, domin wadda aka tumɓuke daga ƙasa aka datse saiwoyinta jiya ba kasafai take rayuwa ba. A shigo da ita ɗaki na kwana 10 zuwa 12, kusa da taga, da ado marar nauyi don rassanta ba su da ƙarfi. A ba ta ruwa idan saman ƙasar ya bushe, a kuma tabbata tukunyar na da hudar da ruwa zai tsiyaye. In an fitar da ita a fara ajiye ta a inuwa na 'yan kwanaki kafin ta koma rana, sannan duk bayan shekara biyu ko uku a sauya mata tukunya mafi girma da sabuwar ƙasa da taki.