Farashin kira ne ya cika layukan AOL

Wani labari ya ɗora laifin cunkoson da aka samu a ƙarshen 1996 a AOL, kamfanin intanet na Amurka, kan ƙarancin modem (na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin waya), amma ya tsallake tushen matsalar. Duk wanda ya shiga intanet a lokacin yana riƙe modem guda na kamfanin da layin waya guda har ya sauka, ko da ya bar kwamfutar a kunne ya tafi cin abinci. Layin PRI ɗaya (babban layin waya da ke shigo da kira wurin kamfanin) a Amurka kira 23 yake ɗauka, na 24 sai ya tarar a cike. A can kiran cikin gari kuɗin wata ake biya, don haka cajin awa na AOL ne kaɗai ke sa mutum ya katse a wancan lokacin. Da AOL ta koma dala 19.95 a wata ba iyaka a Disamban 1996, wanda ya sha wuya ya samu layi sai ya ƙi saki, cunkoson ya ƙaru. A Ingila kuwa a lokacin kamfanin waya na BT na cajin kowane minti, mutum ya duba saƙo ya sauka, modem ɗaya ya wadatar da mutane da dama. Masu cewa a ƙaro modem kawai, nawa za a saya idan ba mai sauka?