Barewar tsibirin Rum kowace da littafinta, mu kuma giwayen Yankari fa?

Jama'a tun farko bari in gyara, Rum ɗin nan ba ta Italiya ba ce kuma ba ruwanta da Bahar Rum, wani tsibiri ne a yammacin Sikotlan, daga Gilasgo inda nake zaune sai ka yi awa biyar da ɗoriya a jirgin ƙasa zuwa wani ɗan gari Malleg, daga nan ka hau jirgin ruwa wajen awa ɗaya da minti ashirin. Na je a watan Disamba da niyyar kwana biyu, iska ta taso jirgi bai zo ba, na kwana huɗu. Ba wanda ya ɗaga hankali sai ni. Mutanen tsibirin ba su wuce arba'in ba, shago ɗaya ne, wutarsu daga ɗan injin ruwa take zuwa da janareta na ko-ta-kwana, yaran da suka gama firamare sai dai su tsallaka Malleg su zauna a hostal. Kowa firizarsa cike take saboda sun san halin teku, ni kuwa da indomi uku na je da yaji.

Sanyin ba irin na hunturunmu ba ne da leɓe ke tsagewa ka shafa man kaɗanya ka fita hantsi. Wannan jiƙaƙƙen sanyi ne, ruwa a kwance yake zuwa ba daga sama ba, rana ba ta fitowa sai wajen tara kuma kafin huɗu ta faɗi, kana idar da azahar kafin ka gama shan shayi la'asar ta shiga, ka juya magariba. Wanda ake bi bashin azumi wallahi nan ne wurin ramuwa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne su a wurinsu lokacin sanyi daji ya watse, baƙi sun tafi, tsuntsaye ma sun tafi. Akwai wani tsuntsun teku baƙi da fari da ke haƙa rami a saman duwatsun tsibirin yana ƙwai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na irinsa a duniya nan suke haihuwa, amma a Disamba ko ɗaya babu, suna can gaɓar Ajantina. Mu kuwa daidai lokacin ne daji ke cika. A Yankari da rani ciyawa ta bushe namun daji su gangaro kogin Gaji shan ruwa, lokacin ne ake ganin giwa da ɓauna da gwanki, ka dawo ka faɗa ruwan Wikki mai ɗumi. A fadamar Haɗeja zuwa Nguru kuma agwagin Turai ne ke sauka suna gudun irin wannan sanyin da ni na biya kuɗi na zo na shiga, kun ga tsuntsu ya fi ni dabara.

Waɗanda ba su da inda za su gudu su ne barewa. Nasu manya ne jajaye, namijin ƙahonsa kamar rassan bishiya, sun kai wajen dubu a tsibirin. Na taka da ƙafa daga Kinlok, inda gidajen suke, zuwa Kilmori a arewa, na tarar da su a bakin teku suna cin ciyawar da ruwa ke watsowa saboda ta tudu ta mutu, mazan duk sun rame tun bayan faɗan barbara na watan Oktoba. Awakin daji ma na nan da warinsu, ga gaggafa mai farin wutsiya tana shawagi, ita ma an taɓa ƙarar da ita kaf a ƙasar sai a 1975 aka fara kawo 'ya'yanta daga Nowe ana saki a wannan tsibirin, cikin shekara goma aka saki 82.

To ga inda maganata take. A Kilmori tun 1953 ake nazarin barewar nan, daga 1972 kuma aka koma bin su ɗaya bayan ɗaya, aka daina harbinsu a wannan yankin, jami'ar Kambirij ta fara yanzu ta Edinbara ke riƙe da aikin. Kowace an san ta, an san uwarta da kakarta, yawancinsu kwanaki kaɗan bayan haihuwa ake kamawa a auna nauyi a sa alama a kunne, kuma cikin wannan ruwan da iskar mutum yake fita da abin hangen nesa yana rubuta wa ya gani a ina, in sanyi ya kashe wata sai an nemo gawar an rubuta. Da wannan littafin ne suka gane cewa tun shekarun 1980 haihuwar barewa tana matsowa da wuri, wajen kwana uku a kowace shekara goma, saboda ɗumamar yanayi. Abin da ba za ka taɓa gani da ziyarar sati ɗaya da kamara ba.

Ina tsaye ina kallo sai na tuna Ardon rugar da ke bayan garinmu. Shi ma haka ya san shanunsa, kowace da sunanta, ya san wadda ta haife ta da bijimin da ya hau uwar, daga nesa zai ce waccan ba ta da lafiya. Wato sanin nan ba baƙonmu ba ne, maharbanmu ma sun san sawun kowane nama da inda yake kwana. Bambancin shi ne masu nazarin Rum sun rubuta, wani ya mutu ko ya yi ritaya wani ya ɗauka daga layin da aka tsaya, shekara hamsin ba a yanke ba. Mu in tsoho ya rasu shi kenan an binne da shi. Kuma ku duba, Yankari an keɓe ta 1956, Rum 1957, sa'annin juna ne, har Yankari ce yaya. Ta zama ta tarayya a 1991 ta dawo hannun jihar Bauchi a 2006, ni dai a ganina duk sauyin hannu irin wannan abin da ya fi saurin salwanta shi ne takarda da mutumin da ya san dajin. Za a ce kuɗi ne, eh akwai kuɗi, amma biro da littafi da albashin mutum biyu da ba ya yankewa bai kai kuɗin fentin geti ba.

Sai dai kar a ce na zo Turai na ruɗe. Shirun nan na Rum da ke burge mutane ba haka Allah ya bar shi ba, a 1826 mai tsibirin ya kwashe mutane wajen 300 aka zuba su a jirgi zuwa Kanada don a sa tumaki a gonakinsu, kufan gidajensu na nan har yau barewa na kiwo a kai. Daga baya wani attajirin masaƙa daga Ingila ya gina ƙaton gida a Kinlok don farauta da shaƙatawa. Sai wajen 2009 zuwa 2010 mazauna suka karɓi filin ƙauyen a hannunsu. Don haka duk wanda ya ce a kori makiyayi da masunci daga Nguru don wuri ya yi kama da na Turawa, ni ba na tare da shi, ai su ne ma ya kamata a ba littafin.

Dare na uku sama ta washe, taurari kamar a ƙauyenmu lokacin da ba lantarki, ashe a 2024 har shaidar duniya aka ba tsibirin saboda duhun samansa, mu da muke da duhu kyauta ba mu san ana ba da lambar yabo a kai ba. Na samu sabis kaɗan na kira kawuna ina ba shi labari, ya yi shiru ya ce ɗana, yanzu duk barewar nan ba mai yankawa? Na ce Kawu ana harbin wasu a sauran yankin don kar su yi yawa, dawakai ne ma ke ɗauko naman daga kan dutse. Ya ce to madalla, in za ka dawo ka taho min da kilishinta.