Taron Apple na Yuni: ana ɗokin sabuwar MacBook, an manta da waɗanda za a sallama

Ƙanina tace bidiyon biki yake yi. Kamu, ɗaurin aure, walima, wani lokaci tallar shago. Kwanakin baya ya same ni bayan la'asar da waya a hannu, ya buɗe min hoton wata MacBook Pro mai inci 16, ƙirar 2019, wadda wani mai shago ya turo masa. Ta hannu ce, daga waje aka shigo da ita, jikinta fes ko ƙwarzane babu. Ya ce, "Yaya, ƙwaƙwalwarta Core i9 ce fa ta Intel, ga katin hoto na kamfanin AMD a ciki. Amma na ga ana ta cewa za a fito da sababbi a taron Yuni. In saya yanzu, ko in jira kuɗinta ya sauka?"

Na daɗe ina juya tambayar nan, domin ba shi kaɗai ke yin ta ba, kuma ina ganin jita-jitar da ke yawo duk shekara ta karkatar da hankalin masu saye daga inda ya kamata su duba.

Taron da yake magana a kai shi ne WWDC, wanda kamfanin Apple ke shirya wa masu ƙirƙirar manhaja kowane watan Yuni, yanzu a hedikwatarsa da ke Cupertino a jihar Kaliforniya ta Amurka. Ana buɗe shi da ƙarfe 10 na safe agogon can, wato ƙarfe 6 na yamma a Najeriya da Nijar, shi ya sa mu masu kallo daga nan magariba kan riske mu a tsakiyar jawabin. Makonni kafin ranar, kasuwar hasashe ta riga ta ci. Mark Gurman na Bloomberg zai rubuta abin da majiyoyinsa suka tsegunta masa, Ming-Chi Kuo mai bin diddigin masana'antun Asiya zai faɗi abin da ya hango daga odar kayan haɗi, sannan masu YouTube su ɗauka su ƙara gishiri. An daɗe ana raɗe-raɗin MacBook Pro mai fuskar OLED, irin ta manyan wayoyi, wadda za a riƙa taɓawa kamar waya. Ga kuma tsohuwar tambayar da ba ta mutuwa: ko Apple zai sake buɗe ƙofa ga katin hoto na kamfanin Nvidia, wato sashen da ke sarrafa hoto da bidiyo a kwamfuta?

Ban raina masu hasashen ba. Wasunsu aiki suke yi na gaske, kuma tarihi ya ba su hujja. A taron 2012 aka fito da MacBook Pro mai fuskar Retina, inci 15, da katin Nvidia GeForce GT 650M, a kan dala 2,199. A 2022 aka nuna M2, ɗaya daga jerin ƙwaƙwalwar kwamfuta ta M da Apple ke tsarawa da kansa, da sabon fasalin MacBook Air. A 2023 aka ƙaro Air mai inci 15. Amma a juya ɗaya gefen. A 2021 an cika intanet da cewa sababbin MacBook Pro masu inci 14 da 16 za su bayyana a taron, aka tashi ba a ambace su ba, sai a Oktoba suka fito. A 2024 da 2025 ba a nuna kwamfuta ko ɗaya ba. M3 a Oktoban 2023 ta zo, MacBook Pro mai M4 a Oktoban 2024, M5 a Oktoban 2025. Wanda ya kalli wannan jerin zai ga lokacin da kamfanin ya fi sabawa da fito da manyan kwamfutocinsa na tafi-da-gidanka, kuma ba Yuni ba ne.

Taron na masu rubuta manhaja ne. Abin da ake faɗa musu shi ne inda aka dosa, domin su shirya. Manyan sanarwa biyu da suka fi girgiza masu Mac a wannan dandamali duk ba sabuwar kwamfutar sayarwa ba ce. A Yunin 2005 Steve Jobs ya tsaya ya ce za a bar ƙwaƙwalwar PowerPC a koma Intel. A Yunin 2020 Tim Cook ya ce za a bar Intel a koma ƙwaƙwalwar da Apple ke tsarawa da kansa. A duka biyun babu wanda ya fita daga zauren ya sayi sabuwar MacBook washegari, amma duk wanda ke da tsohuwa a gida, an fara ƙirga mata kwana daga ranar.

Mu duba yadda ta farko ta ƙare. An daina sayar da Mac mai PowerPC a 2006. A 2009 Snow Leopard, sabon zubin babbar manhajar da ke tafiyar da Mac, ta fito ba ta hawa kansu kwata-kwata. A 2011, da magajiyarta Lion ta zo, aka cire Rosetta, gadar da ke barin tsofaffin manhajoji su yi aiki a kan sababbin na'urori. Yanzu zance ya maimaita kansa, kuma wannan karon ba hasashe ba ne: a taron 2025 Apple ya faɗa da bakinsa cewa macOS Tahoe, wato zubin babbar manhajar Mac mai lamba 26, ita ce ta ƙarshe da za ta hau Mac mai Intel. Guda huɗu kawai suka tsira zuwa Tahoe ɗin ma: MacBook Pro mai inci 16 ta 2019, mai inci 13 ta 2020 mai ramukan jona igiya na Thunderbolt guda huɗu, iMac ta 2020, da Mac Pro ta 2019. Za a ci gaba da turo musu gyaran tsaro na shekara uku, daga nan shi ke nan.

Kwamfutar da ke cikin wayar ƙanina ita ce ta farko a wannan jeri. Wato labarin da ya shafe shi an riga an ba da shi tun 2025, a wani zama na masu manhaja da ba kowa ke kallo ba, shi kuwa yana can yana jiran labarin da mai yiwuwa ba zai zo ba.

Batun katin hoto kuwa ya fi buƙatar a zauna a kansa, domin a nan ne mai saye ya fi ruɗuwa. Mun taso da fahimtar cewa kwamfuta mai ƙarfi ita ce mai katin hoto na daban, Nvidia ko AMD, da nasa ma'ajin. A duniyar Windows har gobe haka ne. Amma Apple ya daɗe yana janye jiki daga wannan hanya, mataki-mataki, kuma kusan kowane mataki a taron Yuni aka ɗauke shi. A 2014 ya gabatar da Metal, tsarinsa na kansa da manhajoji ke bi su yi magana da sashen hoto, ya kawo shi Mac a 2015. A 2018 ya ce wa masu manhaja su fara barin OpenGL da OpenCL, tsofaffin tsare-tsare masu irin wannan aiki da kowa da kowa ke amfani da su. Daga macOS Mojave ta wannan shekarar, sababbin katunan Nvidia ba su ƙara samun manhajar da za ta tuƙa su a kan Mac ba. A 2017 an ba da damar jona katin hoto na waje ta igiyar Thunderbolt, mutane suka yi murna suka sayi akwatuna, amma da M1, ta farko a jerin M, ta zo a 2020 damar ba ta biyo ta ba. Sai a 2023 aka rufe zancen: sabuwar Mac Pro mai M2 Ultra, ta dala 6,999, tana da ramukan saka kati a cikinta, amma ba ta karɓar katin hoto ko na wane kamfani.

Kamfanin da ya hana babbar kwamfutarsa ta tebur karɓar katin hoto ba zai dawo da shi cikin siririyar laftof ba. Hasashena ke nan, kuma ina da ƙwarin gwiwa a kansa. Abin da nake sa ran ji shi ne ƙarin bayani kan Metal, wanda ya kai na 4 a 2025, da kayan aikin da ke sauƙaƙa dawo da wasannin Windows kan Mac, wanda aka fara a 2023, da yadda za a riƙa amfani da sashen hoto wajen ayyukan ƙirƙirarriyar basira.

Dalilin wannan doguwar tafiya guda ɗaya ne tun 2005: zafi da cin wuta. Jobs ya bar PowerPC ne saboda an kasa saka ƙwaƙwalwarta ta G5 cikin laftof ba tare da ta yi zafin da ya wuce kima ba, kuma alƙawarin da ya yi a 2003 na kai ta gudun gigahaz 3 cikin shekara guda bai cika ba. Katunan Nvidia 8600M GT na MacBook Pro ta 2007 da 2008 sun riƙa mutuwa har sai da aka buɗe shirin gyara kyauta. Na AMD a ƙirar 2011 ma haka, aka buɗe nasu shirin a 2015. Mac Pro mai siffar gwangwani ta 2013 an gina ta a kan katunan AMD guda biyu, zuwa 2017 manyan jami'an kamfanin suka amsa a gaban 'yan jarida cewa tsarin fitar da zafinta ya ɗaure musu hannu, ba su iya ƙara mata ƙarfi.

Wannan magana ta zafi, mu da ke nan mun fi mutumin Kaliforniya sanin nauyinta. Na taɓa zama kusa da ƙanina a watan Afrilu yana fitar da bidiyon awa ɗaya a tsohuwar kwamfutarsa. Babu wuta, ƙaramar sola ce ke riƙe da ɗakin. Ya ɗora kwamfutar a kan murafen kwalba guda huɗu don iska ta shiga ƙarƙashinta, fankar ciki tana kuka kamar za ta tashi sama, shi kuma ido ɗaya a kan layin da ke tafiya a hankali, ɗaya a kan batirin sola. MacBook Pro ta 2019 da yake sha'awa cajarta wat 96 ce, kuma i9 da katin AMD idan suka haɗu a kan aiki mai nauyi, zafi kan sa na'urar ta rage gudu da kanta. MacBook Air mai M1 cajarta wat 30 ce, ko fanka babu a cikinta. Masu M1 Pro suna da sashe na musamman da ke sarrafa bidiyo, har da nau'in bidiyon ƙwararru na ProRes, ba tare da an ɗora wa sauran ƙwaƙwalwar nauyin ba. Ga mai aiki da sola a ɗakin da rufinsa kwano ne, wannan bambanci ya fi lambar 9 da ke bayan harafin i muhimmanci.

Akwai abin da za a faɗa wa mai Intel ɗin, kuma gaskiya ne. Tana karɓar Windows kai tsaye ta manhajar Boot Camp, abin da masu ƙwaƙwalwar M ba sa yi. Sau da yawa tana zuwa da RAM, wato ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi, mai yawa a kuɗin da ba zai sayi mai M1 Pro ba, kuma M1 mai gigabait 8 za ta takura wa mai tace bidiyon 4K, ga shi ba a iya ƙara mata daga baya. Wanda kuma aikinsa ya dogara da CUDA, tsarin Nvidia da yawancin masu horar da ƙirƙirarriyar basira da wasu masu zanen 3D ke amfani da shi, ba shi da abin jira a Cupertino ko kaɗan. Nasa labarin yana fitowa ne a baje kolin fasaha na CES a Las Vegas a Janairu, inda aka sanar da katunan Nvidia RTX 50 a 2025, ko a na Computex a birnin Taipei, wanda ake yi dab da lokacin taron Apple.

Kuma ba na ganin Apple ya kyauta a yadda yake yanke wa'adin nan. Mac Pro mai Intel, wadda farashinta ya fara daga dala 5,999, an ci gaba da sayar da ita har Yunin 2023. Wanda ya saya a watannin ƙarshe, shekara uku kacal zai yi kafin sabuwar macOS ta wuce shi. Ƙarfen lafiyarsa ƙalau, manhaja ce aka janye. Microsoft ma ya yi makamancin haka da ya rufe tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 ba ta hawa kwamfutoci masu yawa da ke aiki lafiya. Idan ofisoshin Turai da Amurka suka ga irin wannan sanarwa, sai su kwashe tsofaffin su sayar da araha, kwantena ta ɗauko su zuwa Legas, daga Ikeja su bazu zuwa Abuja da Kano da Kaduna. Arahar da muke gani a kan teburin mai shago, wani ɓangarenta daga irin wannan sanarwa ta samo asali. Mai shagon ba lallai ya sani ba, shi ma sari ya yi. Amma mu masu rubutu a kan fasaha da Hausa, da masu bayani a rediyo da TikTok, muna da laifi idan muka ɓata mako uku muna yaɗa hoton MacBook da ba a ƙera ba tukuna, muka kasa ware minti biyu mu karanta wa mutane sunayen waɗanda aka sallama.

Don haka ranar taron, idan jawabin ya ƙare, ni shafin sabuwar macOS zan buɗe in gangara can ƙasa inda ake jera kwamfutocin da za ta hau. Intel dai mun san babu. Abin da zan duba shi ne ko M1 ta 2020 tana nan, domin ita ce ta fara cika shagunanmu yanzu, kuma shekarar da sunanta ya ɓace daga jerin, lissafin duk mai niyyar sayenta ya canza. Zan kuma saurari abin da za a ce game da Rosetta 2, gadar da ke ɗauke da tsofaffin manhajojin Intel, wadda aka ce za ta ci gaba da aiki gaba ɗaya har macOS 27 kafin a taƙaita ta. Mai tace bidiyo da ya dogara da wata tsohuwar manhajar gyaran launi ko sauti da ba a sabunta ba, wannan ya shafe shi kai tsaye.

Ƙanina na ce masa ya bar ta 2019 ɗin, sai dai idan Windows yake so ya riƙa hawa a kanta. Na ce ya nemi mai inci 14 ta 2021, M1 Pro da RAM gigabait 16, ya duba adadin cajin da batirinta ya sha, kuma kada ya biya sai mai shago ya goge ta a gabansa ya ga ta tashi ba ta nemi asusun iCloud na tsohon mai ita ba. Ya ce kuɗinsa bai kai ba tukuna, sai ya haɗa da na bukukuwan bayan Sallah.